Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya (SUBEB) Ta Jihar Kano



Ranka ya daɗe, akwai yaron da yake kaiwa aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, yana rikita b da d, balle ɓ da ɗ. Shi ake kira daƙiƙi, shi ke shan bulala, har ya tsani allo. Alhali sau da yawa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, hanyar da aka bi da shi ce ba ta karɓe shi ba. A fara duba idonsa da kunnensa, sannan a koya masa sautin kowane harafi, ya haɗa gaɓa: ba, bi, bu, kullum, a ƙaramin rukuni. Rubutun Hausa ya sauƙaƙa wannan, domin galibi yadda ake furtawa haka ake rubutawa, kuma shirin Mu Karanta! ya bi wannan tafarki a Bauchi da Sakkwato.

Za a ce ajujuwa sun cika maƙil. Gaskiya ne, amma ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fuskanci irin wannan cunkoso, ta kasa yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, karatu kuma ya inganta. Wasu iyaye na tsoron Hausa za ta hana Turanci. Amma yaron da ya gane cewa harafi sauti ne, da wannan basirar zai tunkari Turancin.

Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ina roƙo a horar da malaman ajujuwan farko, a ware wa waɗannan yara sa'a guda kullum.