Wasan bidiyo da laifin samari: kada a bar jaki a daki taiki

A ƴan shekarun nan wata magana ta yi yawa a gidajen radiyo da jaridun ƙasashen waje, har ta iso kunnen jama'ar Adar. Duk lokacin da wani saurayi ya ɗauki makami ya yi ɓarna, kafin jandarma ko ɗan sanda ya gama bincike, sai a ji masu ba da labari sun yanke hukunci cewa wasan bidiyo ne ya lalata shi. Wasan bidiyo, wanda samari ke kira gem, wasa ne da ake yi da hotuna masu motsi cikin wayar salula, ko kwamfuta, ko wata na'ura da ake haɗawa da telbijin. Akwai na ƙwallon ƙafa, akwai na tseren mota, akwai kuma na yaƙi, irin su PUBG da Free Fire, inda mai wasa ke harbin abokan gaba har ya rage shi kaɗai. Tun da wayar salula da hasken sola suka shiga karkara, wannan wasa ya samu wurin zama a rumfar mai cajin waya, daga Ibohamane zuwa Keita, Buza da Madawa.

Uwaye sun damu, kuma damuwarsu tana bisa hanya. Sai dai maganar tana bukatar a auna ta da hankali, domin likitan da ya yi kuskuren gane ciwo ba zai ba da maganin da ya dace ba. Idan hukuma da jama'a suka amince cewa wasa shi ne tushen laifin samari, za su ƙarar da ƙarfinsu wajen ƙwace wayoyi da rufe rumfuna, ainihin ciwon kuwa yana nan yana cin jiki.

Wannan zargi ya daɗe a Amurka. A shekarar 1993 majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kan wani wasan faɗa mai suna Mortal Kombat, kuma a 1994 masu ƙera wasanni suka kafa tsarin rubuta wa kowane wasa shekarun da suka dace da shi. Ranar 20 ga watan Afirilu na 1999, wasu ɗalibai biyu suka shiga makarantarsu ta Columbine, a jihar Kolorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a wannan rana. Da aka gano suna son wani wasan harbi mai suna Doom, jaridu da telbijin suka riƙe wannan batu, suka yi ta nanata shi. A watan Agusta na 2019, bayan kashe-kashen biranen El Paso da Dayton, shugaba Donald Trump ya ambaci wasannin bidiyo cikin abubuwan da ya ɗora wa laifi. A Faransa ma, ranar 30 ga watan Yuni na 2023, lokacin tarzomar da ta biyo bayan harbe wani saurayi da ɗan sanda ya yi a garin Nanterre, shugaba Emmanuel Macron ya ce wasu samari suna maimaita abin da suka gani cikin wasa a bisa titi. A watan Satumba na wannan shekara ya dawo ya sassauta maganarsa, ya yabi wasan bidiyo da masu yin shi.

Masu bincike kuwa sun bi wannan zargi sawu da sawu, kuma abin da suka samo ya bambanta da abin da aka yayata. A 2002 hukumar da ke tsaron shugaban Amurka tare da ma'aikatar ilimi suka fitar da rahoto a kan samari 41 da suka kai hari a makarantu. Kusan ɗaya bisa takwas kawai cikinsu aka samu da sha'awar wasan bidiyo na yaƙi. Mafi yawansu sun daɗe suna jin ana wulaƙanta su ko ana tsangwamarsu, kuma mafi yawansu bindiga tana kusa da hannunsu. A 2011 kotun ƙoli ta Amurka ta soke dokar jihar Kaliforniya da ta hana sayar wa yara wasannin yaƙi, tana mai cewa ba a kawo hujjar da ta nuna wasan ne ke sa yaro ya yi ta'adi ba. A 2019 malaman jami'ar Oxford a Ingila suka bincika yara kusan dubu ɗaya masu shekara 14 da 15, suka tambayi uwayensu, ba su ga alaƙa tsakanin yawan wasan yaƙi da yawan faɗa ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar shaida da za ta haɗa wasan bidiyo da aikata manyan laifuffuka. Ban da wannan, tun daga tsakiyar shekarun 1990 cinikin wasanni ya yi ta ƙaruwa a Amurka, laifin zubar da jini tsakanin yara kuwa ya yi ta raguwa shekaru masu yawa a jere. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa wannan wasa, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci a duniya.

Wannan bai wanke wasan daga kowane aibi ba. Wasu bincike sun nuna yana iya ƙara wa yaro zafin rai da mugun baki, ko da yake tsakanin zafin rai da ɗaukar wuƙa akwai tafiya mai nisa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan mutum ya kasa barin wasa har ya watsar da karatu, aiki da iyali na tsawon lokaci. Yaron da ya kwana yana danna waya ba zai fahimci darasin mushe da safe ba, kuma kuɗin da yake kashewa wajen caji da sayen intanet daga aljihun gida suke fita. Ƙaramin yaro ɗan shekara bakwai bai kamata ya wuni yana kallon jini ba, ko da na hoto ne. Waɗannan illoli na gaskiya ne, suna da magani, kuma maganinsu yana hannun uwaye. Amma su daban, kisan kai da fashi daban.

To me ya sa masu ba da labari ke saurin kama wasa? Dalilin a fili yake. Wasan bidiyo baƙo ne, manya ba su san shi ba, ba shi da dangi, ba ya kai ƙara, kuma zarginsa ba ya ɓata wa wani babba rai. Ɗan jarida yana iya nuna hoton wasan harbi cikin minti ɗaya, alhali binciken gidan da yaro ya tashi, da makarantar da ya bari, da wanda ya sayar masa da makami, yana cin kwanaki. A Amurka, maganar wasa ta sha kawar da idon jama'a daga maganar yawan bindigogi. Kafin gem, littattafan zane-zane, silima da telbijin duk sun sha irin wannan zargi. A Kano, cikin shekarar 2007, hukuma ta ƙone littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a, an kuma dakatar da shirya finafinai na wasu watanni, duk da sunan gyaran tarbiyya. Ƴan daba kuwa, waɗanda suka girmi bidiyo a birnin, suna nan bayan tokar littattafan ta huce. Hausawa sun ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Tarihin ƙasar nan ma shaida ne. A watan Oktoba na 1991, a garin Toda cikin jahar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da ɗari, a lokacin da babu wayar salula ko ɗaya a karkarar Nijar. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi cikin gundumar Madawa, irin wannan rikici ya kashe aƙalla mutum 18. Abin da ke haddasa irin waɗannan masifu sananne ne: ɓarnar gona, toshe burtali, ƙarancin ruwa da makiyaya, da jinkirin sulhu. A Damagaram, ƙungiyoyin samari da ake kira pale sun ɗauki sunaye da tufafi irin na finafinan Amurka, har mutane da yawa suka ce fim ne ya haife su. Amma duk wanda ya kalli fim ɗin Zinder, wanda Aisha Maki, ƴar birnin, ta fitar a 2021, zai ga inda tushen yake. Unguwar Kara-Kara wuri ne da aka keɓe wa kutare tun da can, jikokinsu suka tashi babu lakwal, babu sana'a, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita. Fim ya ba su suna da riga, amma fushin da ke zuciyarsu a gida aka dafa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar bangon Adar ba ɓoyayya ba ce. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. A ƙasar duwatsu irin ta Ibohamane, Garhanga da Tamaske, damina wata uku ce ko huɗu, gonar da uba ɗaya ya noma yau ƴaƴa da jikoki ke rabonta. Da an cire amfanin gona, magidanta da yawa sukan tafi cin rani Najeriya, Kodebuwa ko Libiya, su bar uwa da aikin ruwa, itace da daka, ga kuma ɗa namiji mai shekara 15 da ya fi ƙarfin tsawarta. Idan wannan yaro ya bar lakwal, ba shi da garkar albasa, ba shi da wurin koyon sana'a, to rani gaba ɗaya nasa ne na zaman fada da shan shayi. A nan ne mai sayar da tiramol ke samunsa, ƙwayar da likita ke bayarwa don ciwo mai tsanani, wadda ta zama abin maye a kasuwanni. Wayar da ke hannunsa alama ce ta lokacin da ya rasa abin yi da shi. Idan an ƙwace ta, zaman banza yana nan, ƙwaya tana nan.

Ƙasar Keita ta taɓa nuna wa duniya abin da aiki ke yi. Bayan farin 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda gwamnatin Nijar ta gudanar da taimakon Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tara dubban hannuwa, mafi yawansu mata, suna jera duwatsu, suna haƙa ramukan tare ruwa, suna shuka miliyoyin itatuwa bisa faƙo da tsaunuka, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya na gundumar Buza, tun 1975 aka soma jera dogon yaro don kare gonaki daga iska. Saurayin da ya wuni yana ɗaukar dutse, ya karɓi ladansa da maraice, yana komawa gida da gajiya da mutunci.

Haka kuma Bahaushe bai taɓa ƙin wasan ƙarfi ba. Kokowa, dambe da langa duk wasanni ne na ture juna da kayar da juna, kuma a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Ba wanda ya ce kokowa ke haifar da ɓarayi, domin tana da fili, tana da lokaci, tana da alƙali, kuma dattawa suna zaune suna kallo. Abin da wasan waya ya rasa ke nan: idon babba.

Saboda haka aikin ya rabu kashi-kashi. Ƴan jarida da ma'aikatan radiyon karkara, wajibi ne su jira sakamakon bincike kafin su faɗi dalilin laifi, su tambayi shekarun yaron, karatunsa, sana'arsa, da inda ya samu makami ko ƙwaya. Kantomomi, shugabannin kwamin, sarakuna da hakimai, ya kamata su tsara wa masu rumfunan wasa ƙa'ida mai sauƙi: ba a karɓar ɗan lakwal lokacin darasi, ba a nuna wa ƙananan yara wasan jini, a kuma rufe da an yi sallar lisha. Sauran ƙarfinsu su maida shi ga masu sayar da ƙwaya, ga buɗe burtali kafin kaka, ga ayyukan rani da wuraren koyon sana'a, ga filin ƙwallo da na kokowa a kowane babban gari. Uwaye su san irin wasan da ke cikin wayar ɗansu, su yanka masa lokaci, wayar ta kwana a ɗakin babba. Magidancin da ke cin rani, wayar da yake aiko kuɗi da ita tana iya kai muryarsa kunnen ɗansa kowane mako.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka ci nasara suna da nasu rabo mai girma. Su ne ke karanta wa jama'a labari a majalisa, su ne ake tambaya idan an ji wani abu a radiyo. Idan magana ta zo cewa wasa ne ya sa wane ya yi kisa, su tambaya: wa ya bincika, kuma me aka samu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai ya san inda ya karkace. Samarin Ibohamane da na Adar baki ɗaya su ne za su riƙe gonaki, madatsun ruwa da itatuwan da uwayensu mata suka shuka. Haƙƙinsu ne a bisa manya a nemi ciwonsu inda yake, a yi masa magani.