Kalmar "stark" da ƙauyukanmu da suka zama kango

'Yan'uwa marubuta, a Turanci akwai kalmar "stark", ma'anarta abu tsurarsa, mai tsauri, ba ado ba rufi. Da mun ci karo da ita a rahoto kan Birnin Gwari, sai mu rubuta "mummunan yanayi" mu wuce. Wannan ai lulluɓe maganar muka yi, alhali ita kalmar tsiraita ta take yi.

Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Ƙauyen da aka watse ya zama kango, kasuwa ta yi wayam, rumbu ya ƙone ƙurmus, gonar da aka bari a bakin dajin Kamuku ta koma saura. Mu 'yan Kazage mun san kamanninsu. Mai karatu a Kano kuwa, "mummunan yanayi" ba zai nuna masa tokar rumbun ba.