Hunturu Kakar Masaukan Baƙi Ce, A Fara Gyara Daga Alau

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa cikin dajin Borno a tsakanin Disamba da Janairu ya san cewa babu lokacin da ƙasar nan ta fi daɗin zama kamar hunturu. Sauro ya ragu, laka ta bushe, hanyoyin daji sun buɗe wa mota. Da dare sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 13, alhali a Afrilu zafin Maiduguri kan haura 40. Baƙo ya tashi da asuba lulluɓe da bargo, ya tarar an hura wuta, shayi na tafasa, masunta suna janye kwale-kwale cikin hazo. Wannan zama haja ce, kuma a wasu ƙasashe da kuɗi mai tsoka ake sayenta.

Masaukin baƙi na daji manomi ne ta wata fuskar. Kakarsa wata uku ce ko huɗu, abin da ya tara a cikinsu da shi zai biya albashi, ya gyara rufi, ya sayi man janareta har shekara ta zagayo. Hunturu guda in ya wuce ɗakuna a rufe, an yi asarar shekara. Borno kuwa ta yi asarar fiye da goma a jere tun daga rikicin da ya ɓarke a 2009.

Ba rashin abin nunawa ba ne. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,258, hedikwatarsa a Maiduguri. Ɓangaren Chingurmi-Duguma, cikin ƙaramar hukumar Bama, ya yi iyaka da gandun Waza na Kamaru. A ɓangaren Bade da Nguru, cikin Jihar Yobe, akwai Dagona, inda agwagin ruwa da sauran tsuntsaye ke sauka bayan sun tsere wa sanyin Turai, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya kai ziyara a 1989. Shi kansa dajin Sambisa, da sunansa ya zama abin tsoro, asalinsa wurin killace namun daji ne. Tafkin Chadi dai ya janye daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, kuma tun bayan harin Janairun 2015 Baga ba wurin kai baƙo hutu ba ne.

Ra'ayinmu shi ne a daina jiran ranar da za a koma Baga ko Bama, a fara daga kusa. Tafkin Alau, a kan kogin Ngadda, tafiyar kilomita wajen 20 ce daga birni. Madatsar ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya cinye unguwanni, ya hallaka yawancin dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Tun da za a kashe wannan dukiya, bai kamata a kammala aikin ba tare da an keɓe fili a bakin tafkin domin masaukai ba, a kan tudu, nesa da hanyar ambaliya.

Amma kada gwamnati ta gina da kanta. Mun sha ganin otal-otal na gwamnati, a buɗe su da kiɗa da algaita, bayan shekara biyar famfo ba ruwa, ma'aikata suna bin bashin albashi. Nata shi ne tsaro da hanya da takardar fili. Ɗakuna goma na ƙasa da rufin ciyawa, da wutar hasken rana, a hannun ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa, sun fi bene mai ɗaki ɗari da aka bayar kwangila.

Kada kuma a lissafa da Turawa. Gwamnatocinsu sun daɗe suna gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su zo Borno, ga shi hazo kan hana jirgi sauka a daidai lokacin da ake bukatar baƙi. Mai ciniki na farko yana cikin gari: ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar Asabar, da makarantu, da ƙungiyoyin agaji masu kama ɗakin taro kowane mako. Kuɗinsu zai shiga aljihun mai noman rani da ke ɗebo tumatir da albasa a gefen tafki, da mai bandar kifi, da matan da ke haɗa turaren wuta, da masu ɗinkin hula.

Za a ce tsaro bai kai nan ba, manoma ma sun sha fuskantar hari a yankin Konduga. Gaskiya ne, kuma ba a gwaji da ran baƙo. To, a fara da yini kawai, a je da safe a dawo kafin magariba, kwana ya jira sai jami'an tsaro da mutanen ƙauyukan sun tabbatar. Filin da dokar wurin kuwa tun da rani ake shirya su, domin in aka bari sai iskar hunturu ta kaɗa, wata kakar ta tafi ke nan.