Babba Juji: Yaushe Marubutanmu Za Su Saurari Ɗan Fari?

Masu iya magana kan ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa. Na daɗe ina jin wannan karin magana ban auna nauyinta ba, sai da na koma kan wasu littattafan da na karanta tun ina ɗalibi. A nan na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai: a yawancin labaranmu ɗan fari ne ke ɗaukar kaya, amma ƙaninsa ne ke tafiya da labari.

Abin ya faro tun daga tatsuniya. Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya san labarin Auta da yayarsa, wadda iyayensu suka bar wa wasiyyar kada ta kuskura ta bar yaron ya yi kuka. Saboda wannan wasiyya ta zura ido ya ƙone musu rumbu, ta goya shi suka shiga duniya, yana ɓarna tana haƙuri. Daga ƙarshe shi ya kashe dodo, shi ya sha kirari. Ita kuwa, da yawanmu ko sunanta ba mu riƙe ba.

Ko shakka babu, al'adarmu ce ta shimfiɗa wannan tabarma. Saboda alkunya, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, sau da yawa ma da an yaye shi sai a miƙa shi ga kaka ko gwaggo. Wannan yaron da aka rage wa tarairaya, shi ne kuma za a ce wa babban wa magajin uba ranar da mahaifi ya kwanta dama. A rabon gado ba ya fin ƙaninsa namiji da ko anini. Ke nan da nauyi kaɗai aka fifita shi, kuma wannan nauyi ne ke gina halinsa: yawan shiru, tsare gida, da wuyar cewa ya gaji.

Da aka zo rubutaccen adabi, zanen bai sauya sosai ba. A littafin The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, babbar yaya Awa ce ta zauna a ƙauye tana riƙe da gida, bayan mijinta shugaban makaranta ya faɗa shaye-shaye, yayin da ƙanwarta Li ta nemi ilimi ta zama tauraruwar labarin. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, auren Saudatu, babbar 'yar Rabi, shi ya zama inuwar da uwa da ƙanne suka fake bayan Alhaji Abdu ya yi watsi da su.

Wanda kuma ya ƙi ɗaukar kayan, sai a gan shi a matsayin maci amanar gida. Marubutan ƙasar Ibo sun fi fito da wannan fuska. A Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, Okonkwo ya matsa wa babban ɗansa Nwoye lamba har yaron ya bar gida ya bi 'yan mishan. A The Joys of Motherhood na Buchi Emecheta, na 1979, Nnu Ego ta ƙarar da ƙarfinta a kan karatun Oshia, babba cikin 'ya'yanta da suka rayu, shi kuwa ya tafi Amurka, bai dawo ba sai da ya zo yi mata ƙasaitacciyar jana'iza.

Wani zai ce ai marubuci madubi ne, abin da ya gani ya nuna. Na yarda, kuma ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan littattafai ba. Sai dai tsakanin mai sadaukarwa da mai gudu akwai mutum na uku da har yanzu nake nema: wanda ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa yana sonsu, amma a wasu dararen yana jin haushinsu, kuma yana jin kunyar wannan haushi. Ni kaina da guminsa na yi karatu. Yayanmu ya ajiye littafi ya shiga kasuwa domin mu ci gaba, kuma na kai shekara arba'in kafin ya faɗo mini a rai in tambaye shi abin da ya so ya zama.

Don haka kirana ga marubutanmu, musamman masu rubutu da Hausa, shi ne su ba ɗan fari baki ya faɗi labarinsa da kansa, da burinsa da gajiyarsa. Kai kuma mai karatu, idan kai ƙane ne, kada ka jira littafi. Ka je ka zauna da yayanka, ka tambaye shi. Juji ba ya magana, amma shi mutum ne. Allah ya sa mu gane.