ALLON MOTA YA MUTU: A SAYI SABO KO A ƊAUKO SUKUDIREBA?

A hutun da ya wuce mun ga wani abu a Daura wanda ya sa muka ɗauki alƙalami. Wani yayanmu, ƙaramin ma'aikaci, ya wayi gari allon motarsa ya yi baƙi ƙirin, ba rediyo, ba taswira, ba kyamarar da ke nuna baya. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa ko murfi bai buɗe ba ya ce injin ya ƙone, sai dai a aika Kano a sayo wani. Kuɗin da aka yanka masa ya ɗara albashinsa na wata. Da yamma wani ɗalibin kwalejin fasaha ya duba akwatin fiyus, ya zaro ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba, ya sa wani, nan take allo ya kama. Tun ran nan muke tambayar kanmu: mu da aka ce mun yi boko, me ilmin ya tsinana mana idan ɗan fiyus zai iya cinye mana guzurin wata?

Iyayenmu da suka hau Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a zamaninsu, ba su san wannan damuwa ba, domin rediyo ce da kaset kawai, in ta lalace mota ba ta fasa tafiya. Motocin yau, galibi tsofaffi daga Turai da Amurka da Japan, allo guda ne ke riƙe da rediyo da wayar hannu da kyamara, a wasu ma har da na'urar sanyi. Ga kuma halin da aljihu ke ciki. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta haura naira 1,500 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne. Duk abin da ya ƙetaro teku da dala ake auna shi. Saboda haka a ganinmu sanin gyara ya zama wajibi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, sau da yawa laifin ba a cikin injin yake ba, a hanyar wuta yake. Na'urar tana aiki da wutar batir mai ƙarfin volt 12, kuma kafin wutar ta isa gare ta sai ta bi ta fiyus, wanda yawanci mai lamba 10 ne ko 15. In ya tsinke, a sa mai lamba irin tasa. Masu naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa suna gayyatar gobara ne, domin fiyus an yi shi ne ya mutu don sauran su tsira. In sabon ya sake tsinkewa, to, akwai waya da ke taɓa jikin mota, sai a neme ta. A rediyon da ake sayowa a ɗaura daga baya, waya rawaya ce ke kawo wuta kullum, ja tana kawowa in an murɗa makulli, baƙa kuma ta ƙasa ce. Da 'yar mita ta awon wuta mutum zai gane wadda ta gaza cikin minti kaɗan.

Sai kuma abin da ƙasarmu ke yi wa na'ura. Zafin bazara a cikin motar da aka rufe a rana yana ɗaga gilashin taɓawa, yana tsattsaga dalmar da ke riƙe da sassa. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗan wayoyi, gargadar hanyoyin ƙauye kuwa tana sassauta su. In hoto yana fitowa amma allo ba ya jin taɓi, gilashin sama ne ya lalace, kuma a motoci da yawa ana sake shi kaɗai. In na'urar ta daskare, akwai masu ɗan rami da ake tsirawa da tsinke ta farka. Wani lokaci ma babu abin da ya lalace: rediyon da aka yi wa Japan daga 76 take farawa ta tsaya a 90 ko 95, don haka ba za ta kama tashar da ke 104 ba, ta Amurka kuwa tsallake lambobi take yi.

Za a ce mana, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ɗan koyo ya fi ɓarna. Akwai gaskiya a nan. Wanda zai buɗe dashbod ya fara cire kan batir na ƙasa, ya ɗauki hoton kowace waya kafin ya zare ta, kuma kada ya kusanci mahaɗai masu launin rawaya da ke ƙarƙashin sitiyari da kujera, domin na jakar iska ne, tana iya fashewa a fuskarsa. Wasu rediyon, kamar na tsofaffin Honda, suna kulle kansu in an yanke musu wuta, sai an sa lambar sirri, don haka a nemi lambar tukuna. Aikin dalma a kan farantin ciki kuwa na gwani ne. Ba mu ce a raba rewaya da mai gyaran rediyo da abincinsu ba. Mun ce ne wanda ya san abin da ke damun motarsa ba a yi masa cinikin biri a sama, kuma mai gyara na kirki ya fi jin daɗin aiki da shi.

Ko ƙasashen da ke ƙera kayan sun farga. Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni rubuta makin sauƙin gyara a jikin wasu na'urori a 2021, Tarayyar Turai kuma ta kafa dokar 'yancin gyara a 2024. In masu arziki suna kokawa don a gyara, ina dalilinmu na zubarwa?

Babban ciwon dai a zuciya yake. Mun taso muna ganin riƙe sukudireba ƙasƙanci ne ga mai takardar shaida, alhali Daura a yau tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri. Abin kunya ne garin da ke da waɗannan makarantu ya riƙa tura allon mota Ƙofar Ruwa a Kano saboda waya guda ta kwance. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ware Asabar ɗaya a kowane zango, ta gayyato rewaya daga cikin gari tare da ɗaliban injiniya, a biya su haƙƙinsu, su koya mana karanta fiyus da awon wuta. 'Yan'uwanmu na Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure su koma gida da wannan sani, ma'aikata matasa kuma a buɗe musu ƙofa. Mita guda da sukudireba biyu sun isa a fara, kuma kuɗinsu bai kai na shagalin dare ɗaya da ƙungiya ke shiryawa ba.