Garin Gyaran Gira Kada a Rasa Ido

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya, a kudancin birnin Makka, ya san yadda motocin dakon kaya suke cika wurin tun gari bai waye ba. Akwai manya sababbi masu na'urar sanyaya kaya, akwai kuma tsofaffin a-kori-kura ƙirar Toyota da Datsun waɗanda wasunsu sun girmi masu tuƙa su. A nan ne wata rana muka yi musu da wani ɗan'uwa ɗalibi. Ya ce shi da zai sami iko a gida, abin da zai fara yi shi ne ya tattara duk wata akwalar mota da ke kan titunan Kano da Zariya ya aika da ita wurin 'yan gwangwan, domin, in ji shi, su ne suke kashe mutane, su ne kuma suke zubar mana da mutunci a idon baƙi. Na san ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba. Da yawa daga cikinmu da muka zauna a ƙasashen waje, idonmu ya saba da titi mai kyau da mota mai ƙyalli, mukan koma hutu mu ji kamar a share komai a sake sabon lale.

Maganar ta wuce hirar ɗalibai. A shekarar 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar taƙaita shekarun motocin da za a riƙa shigo da su: biyar ga ƙananan motoci, goma ga manya. A shekarar 2025 kuma hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta Najeriya, wato NADDC, ta fito da ƙa'idoji kan motocin da suka gama aiki, yadda za a janye su daga titi a farfasa a sake sarrafa ƙarfensu. Ra'ayina shi ne a auna mota da lafiyarta. Duk tsarin da zai yanke wa mota hukuncin kisa saboda yawan shekarunta kawai, a halin da ƙasarmu take ciki, talaka zai murƙushe kafin ya murƙushe ƙarfe.

Kafin mu ari tsarin wasu, ya kamata mu duba abin da ya faru da waɗanda suka gwada shi. A shekarar 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, Jamus ta ware Yuro biliyan 5, tana ba duk wanda ya miƙa tsohuwar motarsa ya sayi sabuwa Yuro 2,500. Birtaniya ta bi sahu da Fam 2,000. Amurka ta kashe kusan Dala biliyan 3 a watannin Yuli da Agusta na wannan shekara, tana biyan Dala 3,500 zuwa 4,500 kan kowace mota, aka karɓi motoci kusan 700,000. Dokar ta wajabta a lalata injin kowace mota da aka karɓa: a tsiyaye man injin, a zuba wani sinadari a madadinsa, a tayar da motar har injin ya ƙone. Da yawan waɗannan motoci da ƙafarsu suka zo, lafiyarsu ƙalau.

Waɗanda suka fi ɗaga murya a lokacin su ne masu sha'awar adana tsofaffin motoci da masu sayar musu da kayan gyara. Hujjarsu ita ce ana ƙona tarihi, ana kuma lalata kayan gyaran da sauran motoci suke dogara da su. Suna da ƙungiyoyi, suna da kuɗi, suna da masu shigar musu da ƙorafi majalisa, kuma dokar Amurka ta fito da sharaɗin cewa motar da ta haura shekara 25 ba ta cikin shirin. Masu ajiye mota don marmari sun tsira da nasu. Wanda ba a ji muryarsa ba shi ne ƙaramin ma'aikacin da ba shi da halin sayen sabuwa ko da an yi masa rangwame, wanda ya wayi gari ya tarar an rage irin motocin da ƙarfinsa yake kaiwa. Sa'annan a lura: a duk waɗannan ƙasashe uku ba a tilasta wa kowa ba, kuma babbar manufar ita ce a ceto masana'antunsu na ƙera motoci. Wani kaso na kuɗin da gwamnati ta fitar ya koma aljihun ma'aikatan Wolfsburg da Detroit.

Mu kuwa ina kuɗin zai koma? A da muna da amsa. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar da Fijo 504. Akwai Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motoci na NTM a Kano, da ANAMMCO a Enugu mai haɗa Marsandi, da Leyland a Ibadan, da Volkswagen a Legas. Yawancinsu sun durƙushe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Yau akwai masu ƙoƙarin haɗa motoci a cikin gida, amma abin da suke fitarwa bai kai ya cike gurbin miliyoyin motocin da ke kan titunanmu ba. Idan aka murƙushe tsohuwar mota a Katsina, abin da zai maye gurbinta wata tsohuwar ce daga Turai ko Amurka, da kuɗin waje da ba mu da shi. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kaso mafi tsoka Afirka ya nufo. Sai mu zama mun fasa tamu da muka san ciwonta, mun ci bashi mun sayo wadda wani ya gaji da ita.

Sai kuma farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo baya, Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne. Malamin makarantar da yake lallaɓa motar da ya saya shekara 15 da suka wuce ya san cewa idan ta tafi, ta tafi ke nan, shi da mota sai dai ya gani a titi. Direban da yake ciyar da gida biyu da tsohuwar J5 ma haka. A ƙasashen da aka yi wannan shiri, mai mota yana shiga banki ya fito da bashi mai sauƙin ruwa. A gida ruwan bashin banki ya wuce kashi 25 cikin ɗari, kuma da yawan mutanenmu ba sa kusantar bashin ruwa saboda addini.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan motoci. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru, amma an bar layukan sun lalace, layin Kano zuwa Maraɗi kuma a 2021 aka aza harsashinsa. Saboda haka hatsin Dawanau, da shanun Potiskum da Maigatari, da albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, duk a bayan gingimari da tirela suke tafiya, kuma akasarin waɗannan motoci tsofaffi ne. Wanda yake shakkar muhimmancinsu ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki: farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a arewa kuma kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma. Idan aka janye tsofaffin motocin dakon kaya da sunan shekaru, irin wannan za a gani, illa iyaka wannan karon babu ranar janye yajin aiki. Kuma sabuwar tirela mai cike da na'urorin lantarki ba lalle ne ta jure hanyar ƙauye da gurɓataccen mai ba. Tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako, idan ta tsaya a daji, bakaniken garin da ke kusa ya san ta ciki da waje.

A bayan kowace irin wannan mota akwai jerin bakuna masu cin abinci: direba, da yaron mota, da kamasho, da bakanike, da mai walda, da mai faci, da kafintan bodi, da mai fenti, da 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Waɗannan kasuwanni sun daɗe suna yin abin da yanzu ake kawo mana da sabon suna. Motar da ta mutu da gaske ba ta kwana a banza a ƙasar Hausa. Ana kwance ta, a sayar da abin da yake da sauran amfani, maƙera su ɗauki nasu, saura ya tafi narkarwa. Abin da suke buƙata shi ne horo kan yadda za a zubar da baƙin mai da ruwan batir ba tare da an gurɓata ƙasa da rijiyoyi ba, da rajista domin a toshe kafar kayan sata. Babban haɗarin sabon tsari shi ne a ɗauke wannan sana'a daga hannun dubban mutane a damƙa wa kamfanoni uku ko huɗu masu lasisi daga Abuja.

Ɗan'uwan nan nawa yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai motocin da bai kamata a bar su su hau titi ba: babu birki, tayoyi sun suɗe, babu fitila, hayaƙi ya turnuƙe mai tafiya a baya. Rayukan da ake rasawa a hanyoyinmu ba abin wasa ba ne, kuma hayaƙin da yaranmu suke shaƙa a Kano cuta ne. Amma birki ba ya duba shekarar ƙira. Motar shekara biyar da aka yi wa lodin da ya ninka ƙarfinta, direbanta bai runtsa ba kwana biyu, ta fi ta shekara talatin mai kulawa haɗari. Matsalarmu ita ce takardar ingancin mota ta zama abin saye ba tare da an buɗe gaban motar ba. A nan Saudiyya, ko da yake an hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara biyar, an kuma sa wa motocin haya iyakar shekaru, motar mutum ta kansa tana ci gaba da tafiya muddin tana cin gwajin shekara-shekara da ake kira fahas. Wanda ya faɗi ya je ya gyara ya dawo. Wannan ne ya kamata mu ɗauka mu kai gida.

Ƙasashen da suka fi kama da mu sun nuna abin da tilas take haifarwa. Masar ta yi doka a 2008 ta hana sabunta lasisin tasi mai fiye da shekara 20, ta kuma shigo da fararen tasi a Alƙahira a 2009 ta hanyar bashin banki. An sami sababbin motoci, amma direbobi sun shafe shekaru suna zanga-zanga kan nauyin biyan bashin. A Delhi ta Indiya, an umarci gidajen mai da su daina sayar wa motar dizal mai fiye da shekara 10 da ta fetur mai fiye da shekara 15 daga 1 ga Yulin 2025. Cikin 'yan kwanaki fushin jama'a ya sa aka jingine umarnin.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace mu nema, mu da muke da alƙalami da damar magana da 'yan majalisarmu. Na farko, ma'auni ya zama gwajin lafiyar mota na gaskiya, da na'ura, a farashin da direba zai iya biya. Na biyu, miƙa mota domin a fasa ya zama da yardar mai ita, a biya shi a hannu, kada a ce ya dawo gobe. Na uku, kafin a janye motar haya ko ta dakon kaya guda ɗaya, a tanadi hanyar mallakar wata, har da tsarin murabaha na bankunan Musulunci. Na huɗu, a zauna da ƙungiyoyin NARTO da NURTW da shugabannin kasuwannin kayan gyara tun ana rubuta ƙa'ida. Na biyar, duk wani kuɗin da za a ɗora wa mai mota da sunan sake sarrafawa a bayyana inda zai shiga da wanda zai bincika shi.

Akwai kuma haƙƙin tarihi, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta a wannan lissafi. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas. Amma motar talaka ma tarihi ce. Ɗan Maraya Jos bai yi wa karen mota waƙa a banza ba. Ya kamata a ce Gidan Makama ko wani gidan tarihi a Kaduna ya ajiye Fijo 504 guda ɗaya haɗin Kakuri, da gingimari guda mai zanen zaki da dawisu da addu'a a goshinta, domin jikokinmu su ga abin da ya ɗauki gyaɗa da goro da alhazai.

'Yan'uwa, yawancinmu kuɗin makarantarmu na farko a bayan irin waɗannan motoci ya zo, cikin buhun gero ko kwandon barkono. Idan mun koma gida muka hau kujerun da ake yanke hukunci, mu tambayi kowace doka da aka kawo mana daga waje: wa zai biya, kuma da me zai maye abin da aka karɓe masa? Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa mu koma da ilmi mai amfani.