A Koya wa 'Yan Ƙaramar Sakandare Lafiyar Zuciya da Harshen da Za Su Kai Gida

Idan ka ce wa Bahaushe wane yana da zuciya, abin da zai fahimta shi ne mutumin yana da saurin fushi. Idan kuwa ka ce ciwon zuciya ya kama shi, sai ya tambaye ka wa ya ɓata masa rai. A tunaninmu, wannan cuta ce ta dattijon da baƙin ciki ya yi wa yawa. Shi ya sa da wuya ka ji an danganta ta da yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada. To, a nan fa gizo yake saƙar.

Akwai wani nau'in ciwon zuciya da yake somawa daga ciwon maƙogwaro, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Wata ƙwayar cuta ce take shiga maƙogwaro. Idan ba a kashe ta da magani irin su fenisilin ba, sai garkuwar jikin yaro, garin yaƙi da ita, ta far wa 'yan ƙofofin da suke tsare jini kada ya koma baya a cikin zuciya. Bayan shekaru sai a ga matashi yana haki, ƙafafu sun kumbura, ana maganar tiyata da kuɗin da gidansu ba su taɓa riƙewa ba. Mu kuwa me muka saba yi? Yaro ya ce wuyansa na ciwo, sai a kira wanzami ya cire masa belu.

Ba na cewa ba a koyar da komai. Manhajar da hukumar NERDC take tsarawa daga ofishinta na Sheda, nan Abuja, ta tanadi darasin kimiyya da na motsa jiki da lafiya. Yaro zai zana maka zuciya da ɗakunanta huɗu, ya rattaba sunayensu da Turanci, ya ci jarrabawa. Amma ya koma gida ya gaya wa mahaifiyarsa me? Ita ce mai riƙe da ludayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, domin yawansa na jawo hawan jini. Ku duba tukunyarmu: ga gishiri, ga magi, ga kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta kumburin zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Yarinyar da take aji uku yau, ita ce mai jegon gobe.

Na san za a ce Abuja ba garin Hausawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne, ɗan Gbagyi ma ya cancanci ya ji da harshensa. Sai dai mu namu ya rataya a wuyanmu. 'Yan'uwana ɗalibai, mun iya kwana muna gardama a kan ajin aikatau, amma wa ya taɓa zama da ɗalibin likitanci suka tsayar da sunan waɗannan ƙofofi na zuciya da Hausa? Ni ma da na rubuta "ƙofofi" ban gamsu ba, "murafai" na so in ce.

Ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Zuciya ta Duniya. Kafin ta zagayo, ƙungiyarmu za ta iya fitar da takarda guda mai shafi biyu, likita ya duba ta, masu zuwa koyon aikin koyarwa su shiga da ita aji.